Masu Wasa Wuƙa a Bakin Ƙofa



A ranar 24 ga Yulin 2024, wasu manyan jiragen sama guda huɗu, irin masu dakon bama-bamai, suka doshi gaɓar jihar Alaska ta Amurka. Biyu na Rasha ne, samfurin Tu-95, biyu kuma na ƙasar Sin, samfurin H-6. Kafin su matso sosai, ƙananan jiragen yaƙin Amurka da na Kanada suka tashi suka tarye su, suka jera da su fiffike da fiffike har suka juya. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Rundunar NORAD, wadda Amurka da Kanada suka haɗa hannu a kanta tun 1958 don gadin samaniyarsu, ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa cewa baƙin ba su keta sararin kowa ba, kuma ba a ɗauke su barazana ba. Masko da Beijin su ma suka ce sintiri ne na haɗin gwiwa, ba da kowa suke ba.

Wannan ne karon farko da aka ga irin waɗannan jirage na ƙasashen biyu tare a wannan yanki. Labarin ya yi kwana biyu a kafafen watsa labarai ya wuce. Ni kam ya tsaya mini a rai, kuma abin da ya fi damuna a cikinsa shi ne kalmar da kowane ɓangare yake maimaitawa duk lokacin da haka ta faru, wato wai abin da aka saba ne.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don kada mu ɗora wa kowa laifin da bai yi ba. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko a kan samaniyar da ke bisa ƙasarta. Masu sauraronmu na Nijar sun ga wannan iko da idonsu a Agustan 2023, lokacin da sojojin da suka karɓi mulki suka rufe samaniyar ƙasar, jiragen fasinja masu zuwa Turai suka koma yin dogon zagaye. A gefen teku kuwa, ikon ƙasa yana ƙarewa ne a mil 12 na ma'aunin teku daga gaɓa, kimanin kilomita 22 ke nan. Daga nan gaba samaniya ta kowa ce. Sai dai tun 1950 Amurka ta shata wani yanki mai faɗi a bayan wannan iyaka, ta ce duk jirgin da ya shigo cikinsa ya faɗi sunansa da inda ya nufa. Wasu ƙasashe suka kwaikwaye ta: Kanada, Japan, Koriya ta Kudu, sannan Sin a Nuwamban 2013. Wannan yanki na tantance jirage ba mallakar kowa ba ne, kuma babu yarjejeniyar duniya da ta kafa shi. Saboda haka idan kuka ji an ce jiragen Rasha sun shiga yankin tsaron Alaska, galibi wannan fili ake nufi. Ba su taka gonar kowa ba, a kan kunyar iyaka suke tafiya.

Misalin abin, a ce kana zaune a zauren gidanka, sai ga wani da ba kwa ga maciji da juna ya zo ya tsuguna a bakin titi daura da ƙofarka, ya fito da wuƙa da dutsen washi, ya shiga wasawa a tsanake. Bai hau dakalinka ba, bai kira sunanka ba. Ka kai ƙara wurin mai unguwa, zai ce maka hanya ta kowa ce. Gaskiya ya faɗa. Amma daga kai har mai wuƙar kun san ba don kaifin wuƙa ya zaɓi ƙofarka ba.

Kuma kada mai sauraro ya ɗauka gida ɗaya ne ke yin wannan sana'a. Kwanaki kaɗan bayan Sin ta shata nata yankin a 2013, Amurka ta tura jiragen dakon bama-bamai samfurin B-52 guda biyu suka ratsa ta cikinsa ba tare da sun yi wa kowa sallama ba. A Maris ɗin 2013 kuwa, jirage biyu samfurin B-2 sun taso tun daga jihar Misuri, suka je Koriya ta Kudu suka jefa bama-baman gwaji a filin atisaye, suka koma gida ba tare da sun sauka ba, don Koriya ta Arewa ta gani. A Satumban 2020 B-52 sun yi shawagi a samaniyar Yukren, kusa da yankin Kirimiya. Rasha kuma ta kai Tu-160 har Benezuwela a 2008 da 2013 da 2018, ta kai su Afirka ta Kudu a Oktoban 2019, daidai makon da shugabannin Afirka suke taro da Putin a birnin Sochi. Kowane ɓangare idan shi ne a sama sai ya ce 'yancin zirga-zirga yake amfani da shi, idan kuma shi ne a ƙasa yana kallo sai ya kira abin tsokana.

To me ake samu da wannan wahala da ƙona mai? Akwai ribar da soja yake gani. Matuƙa suna koyon doguwar tafiya da shan mai a sama. Ana auna minti nawa abokin gaba yake ɗauka kafin ya taso, daga wane sansani, da waɗanne jirage, kuma wace na'urar rada ce ta fara kunnuwa. Ana kuma gajiyar da shi. A shekarar kasafin 2016 kaɗai, sau 1,168 jiragen yaƙin Japan suka yi tashin gaggawa don taryen baƙi, akasarinsu na Sin, sauran kuma kusan duka na Rasha. Kowane tashi yana cin mai, yana cin rayuwar inji, yana cin barcin matuƙi.

Amma babbar ribar ta siyasa ce, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Manyan ƙasashe masu makaman ƙare-dangi suna ajiye su ne a wurare uku: a cikin ramuka a ƙarƙashin ƙasa, a cikin jiragen ruwa masu tafiya a ƙarƙashin teku, da kuma a jikin jiragen sama. Makami mai linzami da ke cikin rami ba a ganinsa, kuma da zarar an harba shi ba ya jin kira. Jirgin ƙarƙashin teku dukkan amfaninsa yana cikin ɓuya. Jirgin sama ne kaɗai za ka iya fitarwa a gani, ka kai shi har bakin ƙofar wani, sannan ka ce masa ya dawo. Shi ya sa ya zama harshen da shugabanni suke magana da shi idan ba sa son buɗe baki. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan dabara, shi ne tauna tsakuwa don aya ta ji tsoro.

Ku dubi yadda Rasha ta yi amfani da shi. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, a 1992 ta daina wannan sintiri na dogon zango, a lokacin da baitulmalinta ya bushe. Shekara 15 bayan haka, ranar 17 ga Agustan 2007, Vladimir Putin ya sanar cewa an dawo da shi, kuma a ranar jirage 14 suka tashi. Watanni shida ke nan bayan jawabinsa na birnin Munik, inda ya fito fili ya ƙi amincewa da duniyar da Amurka kaɗai ke juyawa. Kuɗin mai ya shigo, ƙasa ta farfaɗo, yana so a sani. Jiragen da ya tura kuwa tsofaffi ne. Tu-95 ya fara tashi a 1952, shekara ɗaya da B-52 na Amurka, kuma har yau da farfela yake tafiya, injina huɗu, kowane da farfela biyu masu juyawa saɓanin juna, da ƙarar da ta shahara a duniyar jirage. Wanda ke son ya zo a ɓoye ba zai hau wannan ba. An zaɓe shi ne don a gan shi a ji shi.

Sai dai tsufan nan kada ya ruɗe mu. Jirgin ba ya buƙatar ya iso saman birni kamar a Yaƙin Duniya na Biyu. Makamai masu linzami yake goyo, waɗanda ke cin kilomita 2,500 ko fiye, wato sama da ninki biyu na tafiyar Kano zuwa Legas. Ke nan layin nan na kilomita 22 da lauyoyi ke magana a kai ba ya tsare komai a wajen soja. Kuma makamin Kh-101 mai ɗauke da nakiya ta yau da kullum, da ɗan'uwansa Kh-102 mai ɗauke da nukiliya, kamanninsu ɗaya ne. Matuƙin da aka tura ya tari jirgin yana iya ganin fuskar takwaransa ta gilashi, amma ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin goyon.

Masu cewa babu abin damuwa suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Sun ce shekara sama da sittin ana wannan taren juna, sau dubbai, kuma kusan kullum lafiya ake rabuwa. A zamanin Yaƙin Cacar Baka har ɗaga wa juna hannu matuƙa suke yi, suna ɗaukar juna hoto. Haka ne. Amma sabo turken wawa ne, kuma tarihin wannan shawagi yana da kaburbura.

Daga 1960 zuwa 1968 Amurka tana da shirin da ya tanadi B-52 ɗauke da bama-baman nukiliya a sama dare da rana, suna kewaya hanyoyin da za su kai su Tarayyar Sobiyet in an ba da umarni. Ranar 17 ga Janairun 1966, ɗaya daga cikinsu ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a saman ƙauyen Palomares na ƙasar Sifaniya. Ma'aikata bakwai suka mutu. Bama-bamai huɗu suka faɗo. Allah ya taƙaita babu wanda ya tashi a matsayin nukiliya, amma biyu sun fashe sun watsa gubar pulutoniyom a gonakin manoman tumatir, sai da aka kankare ƙasa sama da tan dubu aka kwashe ta zuwa Amurka. Na huɗun ya nutse a teku, aka yi kusan kwana 80 ana nemansa. Shekara biyu bayan haka, a Janairun 1968, wani B-52 ya kama wuta ya faɗi a kan ƙanƙara kusa da sansanin Thule a Girinlan, shi ma da bama-bamai huɗu. Daga nan aka dakatar da shirin. Manoman Palomares ba su da rikici da Masko ko Washintan. Abin ya faɗo musu ne kawai daga sama.

Mafi muni shi ne na 1983. A farkon wannan shekara Amurka ta matsa lamba da atisaye da shawagin gwaji a gabashin Tarayyar Sobiyet, har jiragen sojan ruwanta suka bi ta saman wani tsibiri na Kuril a watan Afrilu, aka tsawata wa hafsoshin Sobiyet da suka kasa tare su. Ran kowa ya ɓaci, hannun kowa yana kan kunama. Daren 1 ga Satumba, jirgin fasinjan Koriya ta Kudu mai lamba 007, da ya taso daga Niyok ya yada zango a Ankorej zai tafi Seoul, ya kauce hanya ya shiga samaniyar Sobiyet ta Kamchatka. A daren akwai jirgin leƙen asirin Amurka da ya yi shawagi a kusa da wurin. Masu gadi suka ɗauka shi ne. A kusa da tsibirin Sakhalin aka ba da umarni, aka harbo shi. Mutum 269 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Na'urar GPS da ke cikin wayarka a yau, bayan wannan musiba ce Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe ta ga farar hula, don kada wani jirgi ya sake ɓata haka.

Wani zai ce ai wancan zamani ne ya wuce. To ga na kusa. A 2001 jirgin yaƙin Sin ya yi karo da jirgin leƙen asirin Amurka kusa da tsibirin Hainan, matuƙin Sin Wang Wei ya mutu, Amurkawa 24 suka yi kwana 11 a tsare. A Nuwamban 2015 Turkiyya ta harbo jirgin Rasha samfurin Su-24 a bakin iyakar Siriya, ta ce ya shiga samaniyarta na daƙiƙa 17. Daƙiƙa 17, jama'a, bai kai tsawon gaisuwar safiya ba, kuma Turkiyya ƴar ƙungiyar NATO ce. A Yulin 2019, ranar da Rasha da Sin suka yi sintirinsu na haɗin gwiwa na farko, jiragen Koriya ta Kudu sun yi harbin gargaɗi sama da 300 ga wani jirgin Rasha da ya bi ta saman tsibiran da Koriya da Japan ke jayayya a kansu. A Agustan 2020 jiragen Rasha sun gitta ta gaban hancin B-52 a saman Baƙin Teku da tazarar mita 30.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na 29 ga Satumban 2022. Jirgin leƙen asirin Birtaniya yana shawagi a saman Baƙin Teku, sai wani jirgin yaƙin Rasha samfurin Su-27 ya saki makami mai linzami a kusa da shi. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya shaida wa majalisa cewa Rasha ta ce matsalar na'ura ce. Bayan shekara guda BBC ta ruwaito cewa matuƙin ya yi wa umarnin da aka ba shi daga ƙasa mummunar fahimta ne, ya zaci an ce ya harba. Irin wannan jirgi yana ɗaukar ma'aikata har kusan 30. Da makamin ya samu, da firaministar Birtaniya ta wayi gari da gawawwakin sojojinta, da majalisa mai neman ramuwa, da abokin gaba mai makaman nukiliya. Duk wannan a kan kalma ɗaya da ba a ji da kyau ba a rediyo.

A nan hujjar masu cewa an saba take rushewa a wurina. Saƙon da ake aikawa da jirgi, shugaba ne yake rubuta shi a fada, amma saurayi ne yake kai shi, yana gudun ɗaruruwan kilomita a awa, cikin hazo ko duhu, bayan awanni yana zaune a kujera ɗaya. Kuma ana so kada ya yi kuskure ko sau ɗaya, shi da wanda ya zo taryensa, shekara da shekaru.

Mutanen da suka rayu cikin Yaƙin Cacar Baka sun fahimci haka, shi ya sa suka yi wa gabarsu shinge. Bayan rikicin makamai masu linzami na Kuba suka kafa layin gaggawa tsakanin Washintan da Masko a 1963. A 1972 suka sa hannu a yarjejeniyar da ta fayyace yadda jiragen ruwa da na sama za su yi idan sun haɗu a teku. A 1992 aka ƙulla yarjejeniyar Buɗaɗɗiyar Samaniya, wadda ta fara aiki a 2002, kuma ita ce ta fi burge ni. A ƙarƙashinta jirgin Rasha marar makami yana iya bi ta saman sansanonin Amurka yana ɗaukar hoto, da jami'an Amurka zaune a ciki, na Amurka ma ya yi haka a Rasha. Maimakon ka tsuguna a titi kana wasa wuƙa, mai gida ne ya ce ka shigo ka leƙa ɗakunan da kanka. An yi irin wannan shawagi sama da sau 1,500. Amurka ta fice daga cikinta a Nuwamban 2020, Rasha ta bi sahu a Disamban 2021. Yarjejeniyar hana makamai masu matsakaicin zango ta 1987 ta riga ta mutu a 2019. Ta ƙarshe da ta ƙayyade yawan manyan makaman ƙasashen biyu, wadda ta sa iyakar 1,550 ga kowa, Putin ya dakatar da aiki da ita a Fabrairun 2023, kuma wa'adin da aka ɗiba mata bai wuce 5 ga Fabrairun 2026 ba. Sin kuwa, wadda yanzu take cikin tafiyar, ba ta taɓa kasancewa cikin ko ɗaya daga waɗannan ukun ba.

Ga kuma abin da ya bambanta yau da 2007. Tu-95 ɗin da ke zuwa bakin Alaska, irinsa ne ke tashi daga sansanin Engels da na Olenya yana harba makamai kan biranen Yukren tun 2022. Wuƙar tana yanka a wani gida. Shi ya sa a ranar 1 ga Yunin 2025 Yukren ta kai wa sansanonin waɗannan jirage hari da ƙananan jirage marasa matuƙa da aka ɓoye a cikin manyan motoci, har can Belaya a Saiberiya, sama da kilomita 4,000 daga iyakarta, duniya ta ga hotunan wasunsu suna ci da wuta. Jirage ne da aka daina ƙerawa tun farkon shekarun 1990. Ƙasar da ke ganin ɗaya daga ginshiƙan makamanta na nukiliya yana raguwa, ba zan sa ran ta ƙara natsuwa ba.

Ba na cewa a daina shawagin. Babu ƙasar da za ta saurari hakan, kuma doka tana bayansu. Abin da nake ganin ya wajaba ƙanƙane ne, kuma ba ya rage wa kowa ƙarfi. A riƙa sanar da juna kafin a tashi. A ajiye tazarar da matuƙi ba zai wuce ba komai zafin ransa. Hafsoshin ɓangarorin su ci gaba da ɗaukar wayar juna ko da shugabanninsu ba sa magana. Sama da duka, kowane jirgin soja da zai ratsa hanyar jiragen fasinja ya kunna na'urar nan da ke sanar da masu kula da zirga-zirga sunansa da tsayin da yake. Kan wannan na ƙarshe ƙasashenmu suna da baki, domin Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duka suna da kujera a hukumar kula da sufurin sama ta duniya, kuma ƴan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu da Istambul, da ɗalibanmu masu zuwa Turai, samaniya ɗaya suke bi da waɗannan jirage.

Ranar 3 ga Maris ɗin 2014, wani jirgin kamfanin SAS ya tashi daga Kopenhagen zai tafi Roma da fasinja 132. Jim kaɗan bayan tashinsa, ya haɗu da jirgin leƙen asirin Rasha da ya kashe waccan na'ura, masu kula da jiragen farar hula ba sa ganinsa a allonsu. Radar sojan Suwidin ce ta hango shi aka yi gargaɗi. Tazarar da ta rage tsakanin jiragen biyu mita 90 ce, ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba. Jirgin ya sauka Roma lafiya, mutane suka ɗauki jakunkunansu suka watse, labarin bai fito fili ba sai bayan wata biyu.